Yunit Biyu

Shekara huɗu ina tauna Faransanci a Tudun Wada,
na ci shi da ƙayarsa, na furta shi ta hanci,
har na soma mafarki a cikinsa,
har mai shayin bakin ƙofa ya raɗa mini Mushe.
Na ɗauka tuwo ya ƙare, saura suɗin kwano.

Sai Malam Kawuwa na ofishin jarrabawa
ya sauko da tabarau zuwa karan hanci,
ya bi takardata da gindin biro
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa wurin sau biyu.
"Iliya, ana bin ka yunit biyu.
Jamusancin aji biyu ka faɗi, ba ka waiwaye shi ba.
Ba ma ɗaura wa mutum rigar yaye
alhali yana da kwantai a rumfa."

Yunit biyu!
Abokaina suna aiko hotuna cikin kakin bautar ƙasa,
ni kuwa na koma benci
gefen yaran da na nuna wa hanyar laburare bara.

Madam Rifkatu ta rubuta a allo: dar, di, das.
Cokali namiji, wannan ba gardama.
Mai yatsu mace, to, Allah ya kyauta.
Wuƙa fa? Ba mace ba, ba namiji ba.
Yarinya ma can aka jefa ta, layin wuƙa.
Abu guda ya sanyaya mini rai:
Bajamushe ya yarda rana mace ce, wata namiji,
yadda na sani tun ina goye.
Ashe Bafaranshe ne ya sauya musu tufafi,
na yi shekara huɗu ina ba shi gaskiya.

Na yanka takardu na manna wa komai suna,
ƙofa, buta, fitila, har ƙusar rataye riga.
Ana haka Goggo Adda ta zo daga Kumo ganin likitan ido,
ta kwana uku a ɗakina na Jekadafari.
Ta shafa butar, ta ce, "Layar me ce wannan?"
Na ce harshen wasu ne, Goggo,
gida uku suka raba wa duniya, na kasa gane wa ke kwana ina.

Ta yi dariya har maganin idon ya zubo.
"Uku? Uku ne suka hana ka barci?"
Ta soma lissafi da yatsun da suka sha tatsa:
nagge nge, puccu ngu, kosam ɗam, suudu ndu,
saniya da gidanta, doki da nasa,
nono yana kwana tare da ruwa.
Yatsun hannu suka ƙare, ta sauka kan na ƙafa.
"Wa ya ce ka haddace su a jere kamar buhunan wake?
Suna da wutsiyarsa ake kama shi, lokaci guda.
Ka taɓa ganin an sayi tunkiya, a koma gobe ɗauko jelar?"

Ranar jarrabawar baki, gumi har cikin safa.
Madam Rifkatu ta ɗaga wuƙar roba,
na kamo ta da jelarta.
Ta ɗaga madubi, ya zille mini.

Maki hamsin da uku.
Malam Kawuwa ya hura hatimi, ya danna:
an cika sharuɗɗa.
Na sayi tsire a Tashar Dukku, na ci a tsaye.

Da daddare waya ta yi ƙara, Kumo ce.
"A hiiri jam?" in ji Goggo.
Na ce, "Jam."
Ta ci gaba, kogi guda na magana,
ni ina bakin gaɓa da digirin harsuna a aljihu,
ina jiran ta gaji ta juyo Hausa.

Na sake duba takardar Malam Kawuwa, gaba da baya.
Babu layin da aka rubuta wannan bashin.